Ruwan Jidda daga Kindasa zuwa Ambaliyar 2009: Tarihin Birni da Nazarin Motsin Tsari

Jidda ba ta da kogi, ruwan saman da take samu a shekara kuwa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, tun da Halifa Usman bin Affan ya mayar da ita mashigar Makka ta teku, nauyin shayar da alhazai ya hau kanta. Ƙarni bayan ƙarni mutanenta sun dogara da tankunan ƙasa masu tara ruwan sama da rijiyoyi masu ɗanɗanon gishiri, waɗanda attajirai ke mallaka suna sayarwa.

A 1907 Daular Usmaniyya ta kafa injin tace ruwan teku mai aiki da gawayin kwal, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Kindasa. Ruwansa kaɗan ne, ga tsada. Babban sauyi ya zo a 1947, lokacin da Sarki Abdul'aziz ya sa aka janyo ruwa daga Wadi Faɗima, aikin da ake kira Ainul Aziziyya. A shekarar ce kuma aka rushe ganuwar birnin. Haɗuwar abubuwan biyu ta cancanci a dakata a kanta: ruwa ya samu, shinge ya faɗi, gari ya fantsama. A 1974 aka kafa hukumar tace ruwan gishiri ta ƙasa, kuma a yau birnin mai mutum kusan miliyan huɗu yana shan ruwan Bahar Maliya ne, mafi yawansa daga matatar Shu'aiba da ke kudu.

Sai dai an fi ba da himma ga shigo da ruwa fiye da fitar da shi. Unguwanni da yawa sun daɗe ba su da magudanar ƙazanta, sai ramuka a gidaje. Abin da ya tsiyaye daga ramukan, haɗe da yoyon bututu, ya riƙa taruwa a ƙarƙashin ƙasa har ya kai ga harsashin gine-gine. Birnin hamada ya wayi gari yana kukan yawan ruwa a ƙasansa. Abin da tankoki suka kwashe kuma ana juye shi a wani kwari gabas da gari, har ya zama tafki, wanda jama'a cikin ba'a suka kira Tafkin Miski. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ana tsakiyar aikin hajji, ruwan sa'o'i kaɗan ya biyo kwaruruka da aka cike da gidaje, ya halaka mutum fiye da ɗari, musamman a unguwar Ƙuwaiza, ya kuma yi wa Jami'ar Sarki Abdul'aziz ɓarna. Fargabar kada tafkin ya ɓalle ta sa aka janye ruwansa a 2010. Wata ambaliyar ta sake aukuwa a Janairun 2011.

Irin wannan sarƙaƙiya ce Jay Forrester na cibiyar MIT a Amurka ya ƙirƙiro hanyar nazarinta a shekarun 1950, ya kuma gwada ta a kan birane cikin littafinsa Urban Dynamics na 1969. Hanyar, wadda za a iya kira nazarin motsin tsari, tana kallon abin da ke taruwa, da abin da ke shiga da fita, da yadda sakamako ke komawa ya taɓa sanadinsa, da jinkirin da ke tsakani. Idan aka ɗora tarihin Jidda a kanta, zagayen a fili yake: ƙarin ruwa mai rahusa yana jawo ƙarin jama'a da ƙarin amfani, wanda ke neman sabuwar matata, alhali dagwalon da ya biyo baya ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da masu yanke shawarar farko sun bar kujera.

Amfanin wannan ga koyarwar jami'a ba ƙarami ba ne. An saba raba ilimin ruwa gida-gida: mai karatun tace ruwa daban, mai tsara birane daban, masanin tattalin arziki daban. Ɗalibin da aka ba manhaja irin Vensim ko Stella ya gina samfurin birninsa, dole ya haɗa su wuri guda, ya sauya farashi ko yawan yoyo, ya ga abin da zai faru shekaru gaba. Amma samfuri ba ya fin alƙaluman da aka zuba masa inganci, kuma mazauna unguwannin da ba su cikin taswira, ciki har da zuriyar alhazan Afirka ta Yamma da Hausawa ke kira Takari, su ne alƙaluma suka fi tsallakewa. Malami a Kano da zai gwada hanyar zai tarar da giɓi irin wannan, domin ruwan matatun Challawa da Tamburawa yana da lissafi, na 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse kuwa ba ya shiga littafin hukuma.