Kwasa-kwasai Huɗu Da Zaɓen Amurka Na 1936

Ina miƙa gaisuwa ga malamanmu, da waɗanda suka yi ritaya da waɗanda har yanzu suke riƙe da alli, sannan ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai a duk inda neman abinci ya kai kowa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa, Allah ya jiƙansu da rahama, amin.

'Yan ajinmu ba za su manta ba, ranar da muka shiga aji huɗu aka ce kowa ya zaɓi ɓangare, ina cikin waɗanda suka ruga ajin adabi da tarihi, kuma kowa ya san tsoron lissafi ne ya kore mu. Malaminmu na lissafi ya dube mu ya yi murmushi, ya ce mu je, yana nan gaba yana jiranmu. Ai kuwa haka aka yi. Da na shiga jami'a sashen koyon aikin jarida, a shekara ta biyu sai ga kwas ɗin ƙididdiga a jerin kwasa-kwasan dole, tare da na haɗa shirye-shiryen rediyo da talabijin, da na talla, da na ilimin halayyar ɗan Adam. Muka yi ta ƙorafi, muna cewa me ya haɗa kifi da kaska? Wanda ya zo koyon riƙe makirfo, ina ruwansa da zana jadawalin lambobi? Sai bayan na gama, na fara aiki, na koma ina karanta tarihin abin, sannan na gane ashe waɗannan fannoni huɗu a ɗaki ɗaya suka tashi, a ƙasar Amurka, tsakanin 1900 da 1950. Wannan tarihin nake so in gutsura muku.

Abin ya faro ne daga Jamus. A 1879 wani malami mai suna Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig domin auna yadda hankalin mutum ke aiki, kamar yadda ake auna nauyi ko zafi. Cikin ɗaliban da suka yi karatu a hannunsa akwai wani Ba'amurke, Walter Dill Scott, wanda ya koma gida ya kama koyarwa a Jami'ar Northwestern. A 1901 masu sana'ar talla na birnin Chicago suka gayyace shi ya yi musu jawabi, daga nan ya rubuta littafi a kan talla a 1903, ya ƙara wani a 1908. Abin da ya nuna musu shi ne mai saye ba kasafai yake zama ya yi dogon nazari ba, abin da aka yawaita nanata masa da abin da ya taɓa masa zuciya su ke kai hannunsa aljihu. Duk wanda ya taɓa jin mai maganin gargajiya yana talla da lasifika a tasha ya san haka, amma Scott yana cikin waɗanda suka fara shigar da maganar cikin jami'a.

Bayansa sai John Watson, wanda yake babban malamin halayyar ɗan Adam ne a Jami'ar Johns Hopkins. A 1920 wata badaƙala ta aure ta raba shi da kujerarsa, sai kamfanin talla na J. Walter Thompson ya ɗauke shi. Kafin su ba shi ofis sai da suka tura shi yawon tallan kaya, har ya tsaya bayan kanta a kantin Macy's na New York yana kallon yadda mutane ke zaɓen abin da za su saya. Zuwa 1924 ya zama mataimakin shugaban kamfanin. Da na karanta wannan na tuna da wasu manyanmu a ofis da ba su taɓa taka ƙauyen da suke rubuta rahoto a kansa ba, amma bari in bar wannan.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne George Gallup, ɗan jihar Iowa da aka haifa a 1901. Digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1928, a fannin halayyar ɗan Adam ya yi shi, amma tambayar da ya bincika ta 'yan jarida ce: me mutane suke karantawa a jarida? Kafin shi, idan aka tambayi mutum sai ya ce shi labarin siyasa da sharhin edita yake karantawa, don kada a raina shi. Gallup sai ya riƙa ɗaukar jaridar jiya, ya zauna da mai karatu, su buɗe shafi bayan shafi, ya ce nuna mini abin da idonka ya tsaya a kai. Sai ga shi hotuna da zanen barkwanci sun fi sharhin edita samun masu kallo nesa ba kusa ba. Masu talla suka ga ai wannan kuɗi ne, a 1932 kamfanin Young & Rubicam ya ɗauke shi ya shugabanci sashen bincike. A shekarar nan kuma surukarsa ta tsaya takarar sakatariyar jihar Iowa, ya gwada dabararsa a kan masu zaɓe, ta kuma ci. A 1935 ya kafa cibiyarsa ta jin ra'ayin jama'a.

To, a wancan zamani akwai wata mujalla mai suna Literary Digest, wadda ta yi suna wajen faɗin wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Ta faɗa daidai a 1920 da 1924 da 1928 da 1932. Da zaɓen 1936 ya matso, tsakanin Shugaba Franklin Roosevelt da Gwamna Alf Landon na jihar Kansas, mujallar ta aika da takardun ƙuri'ar gwaji kimanin miliyan 10 ta gidan waya, aka dawo mata da wajen miliyan 2.4. Ku duba yawan nan, jama'a. Aka ƙirga, ta buga cewa Landon zai ci da kashi 57 cikin 100. Gallup kuwa mutum kimanin dubu 50 kawai ya tambaya, ya ce Roosevelt ne zai ci. Ƙarin ƙarfin hali ma, tun kafin mujallar ta gama aikinta ya riga ya faɗi cewa za ta ba Landon nasara, kuma za ta yi kuskure. Editocinta suka ɗauke shi yaro mai rashin kunya.

Ranar zaɓe Roosevelt ya sami kusan kashi 61 cikin 100, ya lashe jihohi 46 daga cikin 48, Landon ya tsira da Maine da Vermont kaɗai. Ba a kai ƙarshen 1938 ba sai da mujallar ta mutu.

Me ya faru? Duk wanda ya taɓa raka wani sayen hatsi a kasuwar Dawanau zai gane. Mai saye ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya, ɗan kaɗan yake ɗiba. Amma idan daga bakin buhu kawai ya ɗiba, inda mai kaya ya zuba mai kyau, to ko kwano goma ya ɗiba an cuce shi. Wanda ya san kasuwa yakan caka ƙarfe a sama da tsakiya da gindin buhu, ya ɗebo ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, kuma ya fi wancan sanin abin da ke ciki. Literary Digest daga bakin buhu ta ɗiba. Sunayen da ta aika wa takardu ta samo su ne daga littafin lambobin tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar. A 1936 kuwa Amurka na cikin matsanancin karayar arziki, talakan da ba shi da tarho balle mota shi ne ya fi son Roosevelt, kuma ba a tambaye shi ba. Akwai kuskure na biyu, wanda masu bincike na baya suka nuna ya kai na farko muni ko ma ya fi shi: cikin kowane mutum huɗu da aka aika wa takarda, ɗaya ne kawai ya amsa, kuma waɗanda suke jin haushin gwamnati sun fi zafin nama wajen cikewa su mayar. Mai fushi shi ke da lokacin zuwa gidan waya.

Kada dai a ɗauka Gallup waliyyi ne. Ko a 1936 ɗin, kashi 56 ya ba Roosevelt, wato ya rage masa wajen kashi 5, sa'arsa ɗaya ya faɗi wanda zai ci. Hanyarsa ita ce a ba ma'aikaci ƙa'ida: ka tambayi maza kaza, mata kaza, matasa kaza, tsofaffi kaza, amma wanda za ka tare a hanya wannan ya rage naka. Shi kuwa ɗan Adam, idan aka bar shi ya zaɓa, mai tsaftatacciyar riga da sakin fuska zai tara, ba zai shiga lungu mai kwata ba. A 1948 abin ya kama shi. Shi da sauran manyan masu wannan sana'a duk suka ce Thomas Dewey zai kayar da Shugaba Harry Truman, suka kuma daina tambaya tun saura makonni a yi zaɓe. Wata jaridar Chicago har ta buga a shafin farko cewa Dewey ya ci, Truman ya ɗaga ta sama yana dariya aka ɗauke shi hoto. Abin mamaki, maganin wannan cuta yana nan a rubuce tun 1934, lokacin da wani masanin lissafi ɗan ƙasar Polan, Jerzy Neyman, ya gabatar da takarda a Landan yana nuna cewa a cire hannun mutum daga zaɓen waɗanda za a tambaya, a bar wa ƙuri'a, yadda kowa zai iya faɗowa a ciki. Wannan ita ce hanyar da ta hana mu barci a jami'a, kuma sai da aka sha kunyar 1948 sannan masu sana'ar suka rungume ta sosai.

Saura rediyo. Paul Lazarsfeld mutumin birnin Vienna ne na ƙasar Ostiriya, digirinsa na lissafi ne, ya zo Amurka a 1933, a 1937 aka ba shi shugabancin wani bincike a kan tasirin rediyo. Shi da Frank Stanton, masanin halayyar ɗan Adam wanda daga baya ya shugabanci gidan rediyo da talabijin na CBS, suka ƙera wata na'ura. Sai a tara masu sauraro a ɗaki, a ba kowa maɓalli biyu, kore da ja, a kunna musu shiri, inda ya yi daɗi su danna kore, inda ya gundure su su danna ja. Da haka mai shirya shiri zai san a daidai wane minti ne mutane suka fara hamma. Duk lokacin da na ga ƙannenmu suna danna alamar yabo a Facebook, na'urar nan nake tunawa. A zaɓen 1940 kuma Lazarsfeld ya bi mutum 600 a gundumar Erie ta jihar Ohio, ana komawa wurinsu wata bayan wata, sai ya tarar rediyo da jarida ba su cika sauya wa mutum ra'ayi kai tsaye ba, saƙon yakan bi ta kan wani da ake ganin girmansa a gida ko wurin aiki, sannan ya isa ga saura. Mu da muka tashi muna ganin mutum ɗaya da rediyonsa a majalisa yana yi wa goma fashin baƙin labaran duniya, wannan bai zo mana da mamaki ba.

Yadda tsarin ya iso mu ba boyayye ba ne. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ta fara koyar da aikin jarida a matakin digiri a ƙasar nan a 1961, sauran jami'o'i suka biyo baya da manhaja mai kama da ta Amurkawa. Ita ce muka gada, da ƙididdigarta da komai. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba fannin zuwa digiri daban-daban, talla daban, rediyo da talabijin daban, jarida daban. Ba na musun amfanin haka, amma ina fargabar kada kowane reshe ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya bar lissafin a ƙasa, don na san halinmu.

Dalilin fargabata kuwa a wurin aiki na gan shi. Kwanakin baya aka sa mu binciko ko wani tallafi yana isa ga matan karkara. Don a rage kuɗin mota, aka yanke shawarar a yi ta waya, aka ɗauko lambobi daga rajistar waɗanda suka zo ofis da ƙafarsu suka cike takarda. Sakamako ya fito fes, kusan kowa ya ce ya gamsu. Na ɗaga hannu a taro na ce, ranka ya daɗe, matar da ba ta da waya fa, ko wadda wayar ke aljihun maigida, ko wadda ba ta ma ji labarin tallafin ba balle ta zo ofis? Aka ce mini ai mutanen da aka kira suna da yawa ƙwarai, yawan ya wadatar. Na so in ba su labarin miliyan 2.4, sai na ga an fara duba agogo. Da ƙyar na samu aka yarda a liƙa sakin layi ɗaya a ƙarshen rahoton, mai bayyana waɗanda ba a tambaya ba, aka kuma yi alkawarin in kasafin baɗi ya fito za a ba mu mota mu shiga ƙauyuka. Har yanzu muna jiran motar.

Malam, in wannan mujalla ta iso hannunka, maganarka ta tabbata, lissafin ya tarar da ni. A taronmu na ƙarshen shekara, in Allah ya kai mu, zan zo in durƙusa in gaishe ka.