Motoci da baburan da suka buɗe gasar tseren hamada ta Paris zuwa Dakar

Gasar Paris zuwa Dakar ta samo asali ne daga ɓatan da wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya yi a cikin Sahara a shekarar 1977, lokacin da yake tseren babur daga Abijan zuwa Nice. Bayan an ceto shi, sai ya ƙuduri aniyar shirya tasa gasar. A ranar 26 ga Disamban 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, Nijar, Mali, ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, da Senegal, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Hanyar ta bi ta Tamanrasset, Agadas, Yamai, Gao da Bamako. Guda 74 ne kawai suka isa Dakar a ranar 14 ga Janairun 1979.

Galibin ababen hawan na wancan zamani irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ne, masu su suka yi musu gyare-gyare. Babu na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, sai taswira, kamfas da littafin hanya. Don haka juriya da sauƙin gyara sun fi gudu amfani.

Babur ɗin Yamaha XT500

Shi ne ya lashe gasar farko, Cyril Neveu na tuƙa shi, kuma ya sake yin nasara a 1980. Injinsa mai silinda ɗaya ne, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ba ya bukatar ruwa. Rashin nauyinsa ya sa yake tsallake rairayin da manyan motoci ke kafewa a ciki.

Range Rover da Renault 4

A ɓangaren motoci, Range Rover da Alain Génestier ya tuƙa ce ta zo ta ɗaya a 1979. Wadda ta biyo ta ita ce ta fi ba mutane mamaki: ƙaramar Renault 4 ta wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, wadda aka sauya ta yadda injin zai riƙa juya tayoyi huɗu gaba ɗaya. Su biyun sun lashe gasar a 1982 da Renault 20.

Volkswagen Iltis

An ƙera ta ne domin sojojin Jamus ta Yamma, ta kuma yi nasara a 1980 a hannun Freddy Kottulinsky. Injiniyoyin Audi ne suka tsara ta, kuma tsarinta na juya tayoyi huɗu na daga cikin abin da ya haifar da Audi Quattro.

Rolls-Royce ta 1981

Thierry de Montcorgé ya shiga gasar da mota mai siffar Rolls-Royce Corniche, amma ƙashin bayanta na Toyota Land Cruiser ne, injinta kuma na Chevrolet. Ba ta ci komai ba, sai dai ta jawo hankalin 'yan jarida ga gasar.

Zuwan manyan kamfanoni

Sannu a hankali kamfanoni suka mamaye fagen. Mercedes 280 GE ta yi nasara a 1983 da Jacky Ickx, Porsche ta ci a 1984 da 1986 da René Metge, sai Mitsubishi Pajero a 1985. Daga 1987, da Ari Vatanen ya yi nasara da Peugeot 205 Turbo 16, ya zama da wuya mai ƙaramin ƙarfi ya ja da tawagar da ke tafe da makanikai da manyan motocin kayan gyara.

Gasar ta ci rayukan 'yan tsere da na mazauna ƙauyukan da ke kan hanya, abin da ya jawo mata suka. Sabine kansa ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a ranar 14 ga Janairun 1986. An soke gasar 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Tun daga 2021 aka ware rukuni na musamman mai suna Dakar Classic, inda tsofaffin motoci ke sake shiga rairayi.