Libarbar da Aka Ce ta Yaƙin Kawsan Ce

Ina cikin koyar da darasin turjiyar da kakanninmu suka yi wa Nasara, a wani aji na lakwal ɗin da nake aiki a nan Ingal, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, kakana yana da bindigar yaƙin Kawsan." Na yi murmushi kawai, don tun da na fito daga makarantar horar da malamai na sha jin irin wannan magana. Kusan duk tsohon takobi ko tsohuwar bindigar da ke ƙasar Abzin, da Kawsan ake danganta ta. Amma yaron ya nace, har ranar wata Juma'a bayan la'asar na bi shi gida.

Ga wanda bai san labarin ba, Kawsan (Kaocen a rubutun Faransawa) Ba'abzine ne daga ƙabilar Ikazkazan, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya. A watan Disamba na 1916 ya iso Agadas da mayaƙansa, Sarkin Abzin Tegama ya mara masa baya, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Ƙawanyar ba ta warware ba sai ranar 3 ga Maris 1917, da rundunar agaji ta iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni, domin a Agadas da Ingal kaɗai an kashe mutum kimanin 130 a bainar jama'a. Kawsan ya gamu da ajalinsa a Murzuk ta ƙasar Libiya a 1919, Tegama kuwa ya rasu a kurkukun Damagaram a 1920. Saboda haka idan mutumin Ingal ya ce kakansa yana cikin wannan yaƙi, zancen jinin gidansu yake yi, dole a saurare shi da ladabi.

Tsohon ya fito da ita a naɗe cikin tsohon rawani, daga ƙasan wata jakar fata. Libarba ce, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa, gangar tana da ramin harsashi shida. Tsatsa ta ci ta, kunamar ta ƙage, babu harsashi ko ɗaya. Ya ce, "Malam, ta kakana ce. Da ita ya shiga Agadas tare da Kawsan." Na roƙi izini na goge bututun da tsumma da ɗan mai, na ɗauki hotunan duk rubutun da ke jikinta da wayata, na koma gida na shiga bincike.

Abin da na fahimta shi ne, libarbar da za ta iya zuwa wannan yanki a wancan zamani ba ta da yawan iri, kuma kowace tana da kamannin da ake gane ta da su tun kafin a karanta rubutu.

Ta farko ita ce ta sojan Faransa ƙirar 1873. Tana da nauyi, harsashinta milimita 11 ne, gangarta sumul take, kuma an bar ƙarfenta fari ba a rine shi ba. Ganga ba ta fitowa waje. Ta wata ƴar ƙofa ake zura harsashi ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƙanwa, ƙirar 1874 ta hafsoshi, wadda aka rina baƙi aka kuma yi wa gangarta kwarmi-kwarmi don rage nauyi.

Ta biyu ita ce ƙirar 1892, ita ma ta Faransa, mai harsashi milimita 8. An ƙera kimanin 350,000 a masana'antar makamai ta Saint-Étienne daga 1892 zuwa 1924. Babbar alamarta ita ce gangarta tana buɗewa ta ɓangaren dama, alhali galibin libarba na duniya ta hagu suke buɗewa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya makamai sun yi wa Faransa ƙaranci, ta sayo wasu daga garin Eibar na Sifaniya masu cin harsashi iri ɗaya. Waɗannan ta hagu suke buɗewa, don haka duk wadda aka gani irinsu ba ta girmi wancan yaƙi ba.

Ta uku ita ce Bodeo ta Italiya, ƙirar 1889. Ta ƙananan sojoji ba ta da zoben da ke kare kunama, kunamar ma lanƙwashewa take yi ta kwanta. Wannan ita ce ta fi dacewa da labarin Kawsan. Italiya ta shiga Libiya a 1911, amma a ƙarshen 1914 Sanusawa suka fatattake ta daga Fezzan, ta bar makamai masu yawa. Daga cikin irin wannan ganima Kawsan ya samu bindigogi, har da igwar da ya harba wa barikin Agadas.

Ta huɗu ita ce Webley ta Ingila, wadda ake karya ta a tsakiya, bututu ya sunkuya ƙasa, ganga ta bayyana. Ta gwamnati tana ɗauke da tambari mai kama da kan kibiya. Ita ma tana da hanyar zuwa, tun da Ingila ta turo sojoji daga Arewacin Najeriya su dafa wa Faransa a 1917.

Ta tsohon nan ba ta ba ni wahala ba. Gangarta ta dama take buɗewa, a saman bututu an rubuta "Mle 1892", a gefe kuma ga sunan Saint-Étienne. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka 1892 ita ce shekarar da aka ƙera bindigar. Wannan shekarar da soja suka amince da ƙirar ce, kuma haka aka ci gaba da buga ta a jikin kowace har aka daina ƙerawa. Shekarar ƙira tana gefen dama na bututu, bayan harafin S, wanda ke nufin Saint-Étienne. A jikin ta tsohon, bayan na ƙara girman hoton, ga abin da na gani ƙarara: S 1921. Shekara huɗu ke nan bayan an watse daga Agadas, shekara biyu bayan mutuwar Kawsan.

Ban yi saurin yanke hukunci ba, don ana iya canza wa tsohuwar bindiga bututu. Sai na duba lambar da ke jikin gangar jikinta, wadda ke farawa da harafi. Haruffan a jere suke tafiya, mai F ta girmi mai G, mai G ta girmi mai H. Da bututun ne kawai sabo, da na ga harafin farkon jeri. Na ta na ƙarshe ne, ya dace da shekarar.

Na kwana biyu ina tunanin yadda zan gaya masa. Ni baƙo ne a garin, ɗan cikinsa a shekaru, kuma zan je in taɓa abin da gidansu ke alfahari da shi. Na ma yi niyyar in yi shiru. Abin da ya hana ni shi ne jikansa, wanda nake koya wa cewa tarihi da hujja ake yin sa. Na koma, muka gaisa, aka kawo shayi, na nuna masa hoton na ce, "Baba, ban zo ƙaryata kakanka ba. Amma ƙarfen nan ya ce an haife shi bayan yaƙin."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce ya tuna mahaifiyarsa ta taɓa faɗa masa cewa bayan an kwashe musu raƙuma, yunwa ta shigo, kakan nasa ya yi shekaru yana yi wa sojan raƙuma na Faransa ja-gora zuwa rijiyoyi. A gida ba a son tayar da wannan zance. Ya ce, "Ka ga, Malam, wanda ya yaƙe su shi ne kuma ya nuna musu hanya, don ƴaƴansa su ci abinci."

Bindigar ba za ta gaya mana ko kakan ya shiga Agadas a 1916 ba. Mai yiwuwa ya shiga da takobinsa da mashinsa kamar sauran mutane. Iyakar abin da shekarar ƙira ke tabbatarwa shi ne bindiga ba ta kasance a wani wuri ba kafin a ƙera ta. Ko da na ga S 1910 a jikinta, hakan ba zai nuna wanda ya riƙe ta a 1917 ba, domin ƙirar 1892 ta daɗe a hannun sojoji da jandarmomi har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da wannan libarba ta tono mana shi ne shekarun da suka biyo bayan yaƙin, lokacin da waɗanda suka tsira suka zauna ƙarƙashin waɗanda suka kashe ƴan'uwansu. Littafin da nake koyarwa da shi a gurguje yake wuce wannan wuri.

Akwai kuma maganar doka. Riƙe bindiga ba izini laifi ne a Nijar, tsufanta ba ya wanke mai ita. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, kuma mutanen Agadas ba su manta da wutar zaman lafiya ta ranar 25 ga Satumba 2000 ba, da aka ƙone makaman tawaye. Shawarata ga mai irin wannan gado ita ce kada ya gwada harba ta, kada ya kai ta wurin maƙeri ya kankare tsatsar da magagari, don da tsatsar rubutun zai tafi. Ya ɗauki hoton kowace alama, ya naɗi muryar tsohon da ya san labarinta, sannan ya nemi hukuma.

Haka muka yi da tsohon. Jikansa ne ya rubuta labarin da hannunsa a littafin makaranta, shafi uku, har da zancen ja-gorar. A ƙasa ya manna hoton bututun, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin 1921.