Gasar 1933 Da Abin Da Ta Bar Wa Katsina

Kwanan nan 'yan'uwa marubuta a nan Ƙofar Durbi ke ta maganar gasar rubutu ta 'yan sakandare, wadda wanda ya ci za a haɗa shi da gogaggen marubuci ya riƙa duba masa aiki. Wasu na cewa yara kuɗi suke so. Ni kuwa sai na tuna musu 1933.

A shekarar ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Littattafai 5 aka buga, 2 daga Katsina: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, malami a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22 kacal. Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar ma a Kwalejin Katsina ya yi karatu.

To, wa ke tuna ladan da aka ba Imam yau? Abin da ya tsaya shi ne East bai sake shi ba. A 1936 ya ɗauko shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, suna zama ana gyara, har Magana Jari Ce ta fito. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Mu 'yan adabin kasuwa ba mu sami mai zama da mu haka ba. Daga littafin rubutu sai mai buga tafireta, sai kasuwa, kurakuranmu duka a ciki.