Daga Fallomi Zuwa Paris: Tarihin Rundunar Tankokin Janar Leclerc

Duk wanda ya kalli hotunan ranar da aka ƙwato birnin Paris daga hannun Jamusawa a 1944 zai ga tankokin yaƙi jere a kan titi, da Turawa suna ta murna, amma da wuya ya ga baƙar fuska a kan tankokin nan. Alhali kuwa tushen rundunar da ta yi wannan aiki, wato Runduna ta Biyu ta Tankokin Faransa, yana maƙwabciyarmu Cadi.

Asalin maganar shi ne, lokacin da Hitila ya ci Faransa a watan Yuni 1940, Janar Digol ya tsere Ingila ya ce yaƙi bai ƙare ba. Gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, baƙar fata ɗan ƙasar Giyana, ya bi bayansa ran 26 ga Agusta 1940. Nan Digol ya sami ƙasar da zai kafa ƙafarsa. A ƙarshen shekarar ya tura wani hafsa mai suna Philippe Leclerc zuwa Fallomi, wadda ta koma Injamena a 1973, domin ya jagoranci sojojin Cadi.

Da mutum wajen 400, mafi yawansu 'yan Afirka, da tsofaffin motoci da igwa guda ɗaya tak, Leclerc ya keta Sahara ya kewaye sansanin Italiyawa da ke Kufra a kudancin Libiya. Suka miƙa wuya ran 1 ga Maris 1941. Kashegari ya sa mutanensa suka yi rantsuwa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan majami'ar Strasbourg. Daga nan suka ci Fazzan, suka isa Turabulus a Janairu 1943, suka haɗu da sojojin Ingila na Janar Montgomery, suka yi yaƙin Tunisiya tare da su.

A watan Agusta 1943 ne aka mai da wannan tawaga cikakkiyar rundunar tankoki, aka horar da ita a Temara ta ƙasar Maroko. Amurka ce ta ba da kayan yaƙi, don haka aka bi tsarinta. Akwai rajimanti uku na tankokin Sherman, da rajimantin sojan ƙasa mai bataliya uku wanda ya ci gaba da ɗaukar sunan Cadi, da rajimantin 'yan sintiri masu share fage, da na sojan ruwa da aka ɗora a kan motoci masu farautar tankoki, sai rukunoni uku na igwa, da injiniyoyi da masu jinya da masu gyaran motoci. Jimillarsu ta haura mutum 14,000. A fagen fama ba a tura tanka ita kaɗai, domin ba ta ganin abin da ke gindinta. Sai aka kasa rundunar ƙungiya-ƙungiya, kowace da tankokinta da sojan ƙasarta da igwarta, a ƙarƙashin hafsoshi irin su Dio da Langlade da Billotte.

To, a wajen wannan shiri ne aka yi abin da ya dace mu tsaya a kansa. A lokacin sojan Amurka na ware baƙaƙe daga farare, ba su kuma yarda a ba baƙar fata ɗan mulkin mallaka tanka a wannan runduna ba. Aka tsame sojojin da suka sha ƙishirwar Kufra da Fazzan, aka kai su wasu rundunoni ko aka mayar da su gida, aka cike gurbinsu da Faransawa da 'yan Sifen masu gudun mulkin Franco, da 'yan Maroko da Aljeriya. A Janairu 1944 ma babban hafsan ofishin Janar Eisenhower, Walter Bedell Smith, ya rubuta takarda cewa an fi son rundunar da za ta shiga Paris ta zama ta farare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Rundunar ta sauka gaɓar Normandi ran 1 ga Agusta 1944 a ƙarƙashin Janar Patton. Da daren 24 ga Agusta Kyaftin Dronne ya kutsa tsakiyar Paris da 'yan Sifen ɗinsa da tankoki uku, kashegari kwamandan Jamusawa, von Choltitz, ya sa hannu a takardar saranda. A Satumba suka ragargaza wata birged ta tankokin Jamus a Dompaire. Ran 23 ga Nuwamba 1944 suka shiga Strasbourg, aka ɗaga tuta a kan majami'ar, rantsuwar Kufra ta cika. A Mayu 1945 suka kai Berchtesgaden, inda gidan hutun Hitila yake. An rushe rundunar a 1946, shi kuma Leclerc ya rasu a haɗarin jirgin sama a Aljeriya a 1947.

Faransawa sun rubuta littattafai da dama a kan wannan runduna, sun raɗa wa tituna sunan Leclerc da na Kufra. Su kuwa mafi yawan waɗanda suka yi rantsuwar ba su ga ranar cikarta ba, kuma kaɗan ne aka adana sunayensu. Mu ma muna da irinsu: kakanninmu da suka je Habasha da Bama a wannan yaƙi. Kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan da labaran da suka ji daga bakinsu, da lambobin yabo da takardun sallama a ƙasan adaka. 'Yan uwa marubuta, mu je mu tambaya mu rubuta tun kafin su ma su wuce. Allah ya ba mu iko.