Haƙƙin ma'aikaci a dokokin ƙwadago na Nijeriya

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da kama aiki.

Rashin wannan takarda kan jefa ma'aikatan wucin gadi cikin tsaka mai wuya, domin ita ce hujjarsu idan taƙaddama ta taso a kan albashi ko sallama.

Wanda ya shekara 5 yana aiki ba a sallamarsa sai da wa'adin wata guda ko kuɗin wa'adin, sai fa idan ya aikata babban laifi.

Mace mai juna biyu kuwa tana da hutun mako 12, tare da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata 6 tana aikin.

A shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, amma bai shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke sauraren irin waɗannan ƙararraki.