Inuwa Kafin Fure: Yadda Sana'ar Lambu Ta Girma a Yerwa

A ƙasashen sanyi, watannin Maris da Afrilu ne jama'a ke tururuwa zuwa manyan lambuna don kallon furanni. A Maiduguri kuwa, nan ne tsakiyar bazara. Hunturu ya kwashe kayansa, damina ba ta iso ba, zafi ya haura digiri 40, ƙasa ta bushe ƙayau. Mu ma a lokacin ne aka fi neman lambu, sai dai abin da ke fito da mutum daga ɗaki shi ne inuwa. Mu da muka tashi cikin sana'ar renon itatuwa da tsara lambu a garin nan, mun san tarihinta kacokan a kan wannan buƙata ya ginu. Duk zamanin da aka sa inuwa a gaba, gari ya amfana. Duk zamanin da aka mance da ita, an yi asarar ruwa da kuɗi.

Mutanen Borno sun san darajar itace tun kafin zuwan Bature. Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, daga kuka ta samo sunanta. A tsarin garin Barebari akwai dandal, wato faffaɗan fili da ya miƙe har ƙofar fada, sannan gidaje masu dangar zana. A tsakar gida ko ƙofarsa za ka tarar da tsamiya, ko kurna, ko ceɗiya, ko durumi. A ƙarƙashinsu almajiran tsangaya ke wanke allo, dattawa su yi majalisa, mata su yi daka. Lalle na bayan ɗaki saboda ƙunshi. Lambun wancan zamani kuwa na albasa da kayan miya ne, a bakin kogi, ana ban ruwa da jigo. Ba wanda ke shuka abu don kallo kawai. Kowane itace da aikinsa.

A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya taso da fadarsa zuwa Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kusa da inda Turawa suka kafa barikinsu a gaɓar kogin Ngadda. Wurin tudun rairayi ne, wani yanki na doguwar tungar yashin nan da ta bi ta Bama, wadda masana suka ce ita ce gaɓar Tafkin Chadi a zamanin da yake da girman teku. Duk mai lambu a Maiduguri da wannan yashi yake kokawa har gobe. Ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ya shanye. Ruwan sama kuma daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran wata takwas sai abin da hannu ya ɗebo. Sabon gari a irin wannan wuri yana buƙatar itace mai saurin girma, mai haƙurin ƙishi, wanda ba ya zubar da ganye lokacin da aka fi buƙatarsa.

An same shi a 1928, shekarar da aka shigo da dogonyaro lardin Borno daga ƙasar Gana, wadda ita ma daga Indiya ya zo mata. Saiwarsa na nutsawa can ƙasa, gara ba ta cika damun katakonsa ba, kuma cikin shekara huɗu zuwa biyar ya isa a shimfiɗa tabarma a gindinsa. Amma yana da wani hali da shi ne ya haifar da sana'armu: irinsa ba ya ajiyuwa. Ƙwallon dogonyaro in ya yi 'yan makonni bai shiga ƙasa ba, ya mutu. Ba dama a yi ta jigilarsa a buhu daga nesa. Dole a tsince shi ɗanye a gindin uwa, inda jemagu da tsuntsaye suka zubar, a shuka nan take, a rena a gida. Wannan ya sa sashen gandun daji na En'e ya buɗe wuraren reno, ya ɗauki leburori, ya horar da malaman daji. Waɗannan leburori su ne kakannin sana'a.

Dattawan da muka koya a hannunsu sun ce a lokacin babu leda. A kan fili ake yayyafa iri, in tsiro ya yi shekara a tuge shi, a datse kai, a datse saiwa, a bar ɗan guntu kamar tsawon kamu ɗaya, a kai shi rami da farkon damina. Sai a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Abin da suka fi nanata mana shi ne, kowane dashe yana da mai shi. In a ƙofar gidanka yake, kai za a tambaya in ya bushe, kuma mai unguwa yana zagayawa. Da wannan tsari aka jera itatuwa a gefen tituna, aka kuma kafa gandaye a bayan gari don itacen girki da azara. Inuwar da baƙo ke yabawa yau a Ji'ar'e da tsofaffin unguwanni, gumin waɗannan mutane ce. Itacen da ya rufa wa Yerwa asiri shi ne kuma alhazai ke fakewa a ƙarƙashinsa a filin Arfa, inda aka dasa dubbansa.

Fure ya shigo da ƙarfinsa ne bayan 1967, da Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas. Aka gina sakatariya da gidajen ma'aikata. A 1975 aka kafa Jami'ar Maiduguri, a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Borno. Kowane babban gida da ofis yana son gadina. Ruwa ma ya samu, domin tun wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a yankin Chadi, wasunsu ruwa ke tunkuɗo kansa ba tare da inji ba. Nan aka ga bugenbiliya mai ƙaya ta hau katanga, ja da fari da ruwan hoda. Aka ga bishiyar nan da ke rufe kanta da jan fure kamar wuta ana dab da saukar damina. Aka koyi yanka shinge da almakashi, da jera tukwane a baranda. A wannan zango ne gadina ya bambanta da malamin daji: ɗaya na ƙawata gida, ɗaya na tsare gari.

Babban abin da zamanin ya bar wa talaka shi ne lambun Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970, aka sa masa sunan Shehu Umar Sanda Kyarimi da ya yi sarautar Borno daga 1937 zuwa 1967. Da keɓaɓɓen gandun itatuwa ya fara, kafin ya zama gidan namun daji. Jama'a sun fi saninsa da giwa da zaki da jimina, amma mu da itatuwansa muka san shi. Da Sallah yakan cika maƙil, yara cikin sababbin kaya, mata cikin lafaya, ƙamshin turaren wuta na tashi daga kowane ayari. A 'yan shekarun nan da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin Maris da Afrilu, duk mai lura zai ga iyali sun fi daɗewa a zaune ƙarƙashin itace fiye da tsayuwa gaban keji. Wanda ba shi da fili a gida, ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, nan ne nasa lambun.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun sauya akalar aikin. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, maganar kwararowar hamada ta shiga bakin kowa. Gwamnati ta juya ga shingen itatuwa masu kare iska. Baƙar leda ta zo, tsiro ya riƙa tafiya da ƙasarsa, mutuwar dashe ta ragu. Aka rena dogonyaro da turare da daƙwara mai ba da ƙaro, ana rabawa kyauta. A maƙwabciyarmu Nijar, a kwarin Majiya, tun 1975 ake jera dogonyaro layi biyu-biyu a tsakanin gonaki, manoma suka ga amfanin gona ya ƙaru. Amma a tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa dogonyaro a ƙasashen Tafkin Chadi, ganye ya yi rawaya ya zube, rassa suka bushe. Annobar ta lafa daga baya, ta bar mana darasi: garin da ya jingina inuwarsa da itace iri ɗaya, cuta ɗaya ta isa ta tsiraita shi.

Daga shekarun 1990 wuraren renon gwamnati suka yi sanyi, sana'a ta koma hannun 'yan kasuwa. Tsofaffin leburori da 'ya'yansu suka kama gefen titi da bakin kogi, suka jera leda. Muka ƙware a haɗa ƙasa: yashi, da ruɓaɓɓen takin shanu, da 'yar laka don ta riƙe danshi. Muka koyi aurar da mangwaro da lemo. Motoci suka riƙa kawo furanni daga Jos da Kaduna. Mutane da yawa sun ci abinci da wannan, kuma abin godiya ne. Sai dai yanzu mai saye ne ke faɗa a ji, shi kuwa abin da ya gano a Abuja ko Dubai yake so: ciyawa shimfiɗe kamar darduma, da dabinon ado, da doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa a jikin katanga. Tsakar gida a malale ta da intalok, a bar wa itace ɗan rami kamar bakin bokiti. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha, mai gida kuwa da azahar ba ya iya taka tsakar gidansa. Ita ciyawar, a bazara safe da yamma take shan ruwa, a garin da maƙwabci ke sayen jarka a wajen mai kura.

Sannan masifar tayar da ƙayar baya da ta fara a 2009 ta zo. Mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, jama'a ta ninka. Daji ya zama abin tsoro, masu zuwa yin itace da yawa ba su dawo ba. A Janairun 2021 aka lalata turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, gawayi ya yi tsada. Uwar da ke da yara a gaba dole ta hura wuta, ba mai zarginta. Amma itatuwan gefen gari sun sha gatari, na cikin gari an yi musu aski har wuya. Faɗaɗa tituna da sababbin gine-gine su ma sun ci nasu rabon. A gefe guda, cikin waɗanda suka yi hijirar akwai manoma na gaske, wasunsu sun shigo sana'armu da hannu mai albarka, kuma burtsatse mai aiki da hasken rana ya sauƙaƙa ban ruwa.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shanye unguwanni, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin. Hukumar lambun Sanda Kyarimi ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsa sun mutu. Asarar rayuka da gidaje ta fi komai ciwo, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Masu reno na bakin kogi kuwa, jarin shekaru ne ya bi ruwa a dare ɗaya, domin tsiro a leda ba shi da abin kamawa.

Yanzu ana sake gina gari, ana maganar dasa miliyoyi, ga kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Borno na cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya. Ina maraba da wannan. Amma wanda ya san aikin ya san dashe shi ne mafi sauƙi. Tsiro a Maiduguri sai ya sha ruwan hannu bazara biyu ko uku, yana cikin keji, kafin saiwarsa ta kai danshi. Mun sha ganin an dasa da kiɗa da jawabi a Agusta, zuwa Afrilu sai sanduna. Saboda haka a daina biyan ɗan kwangila da yawan ramin da ya haƙa, a biya shi da yawan itacen da ya rayu bayan shekara uku. A mayar da tsarin dā, kowane dashe da mai shi: gida, ko masallaci, ko coci, ko makaranta, ko masu shagon da ke gefensa.

Mu kuma masu leda muna da namu nauyin. Dogonyaron da aka dasa tun zamanin En'e ya tsufa, yana buƙatar magada, kuma kada magadan su zama iri ɗaya. Mu rena tsamiya da maɗaci da kurna da aduwa da ceɗiya. Mu rena gawo, wanda ke fid da ganye da rani ya zubar da damina. Mai son fure mu nuna masa kariya, 'yar ƙasarmu, da ke buɗe furenta a tsakiyar rani da ruwa kaɗan. Mai saye ba zai nemi abin da bai gani a layinmu ba. Idan ya zo da hoton gidan wata ƙasa a wayarsa, haƙƙinsa ne a kanmu mu fara tambayarsa inda iyalinsa ke zama da azahar, mu haƙa ramin farko a wurin, sannan a yi cinikin fure.